Haruffa Huɗu a Jikin Kwalin Mudassiru

Tsoron ya fara shigar Mudassiru ne a daidai lokacin da Bilya ya sa ƙafa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin gyara, ya sunkuya, ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Haruffa huɗu ne, manya, da jan alƙalami: SATA. Hantsin Laraba ne a garin Kura, ana ƙwalla rana. Rubutunsa ne. Shi ya yi shi da hannunsa shekara uku da suka wuce, kuma bai taɓa karanta shi da Hausa ba sai yau da ya ji shi a bakin wani. Abin da ya biyo baya bai kai minti ashirin ba, amma shi ne ya kwantar da yayansa Sallau a asibiti a Kano, rai a hannun Allah.

Mudassiru ɗan wani ƙauye ne a gefen babban kanal na ban ruwa ta wajen Bunkure, inda yaro ke koyon buɗe wa gona ruwa tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Mahaifinsu ya rasu yana aji uku na firamare, riƙonsa ya koma hannun Sallau, wanda ya girme shi da shekara goma sha huɗu. Eka biyu ce gadonsu, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Shi Mudassiru bai zo da hannun noma ba. An taɓa barinsa ya tsare ruwa, ya zauna gindin mangwaro yana kwance rediyon Inno, mahaifiyarsu, har ruwan ya fasa kunya ya shiga gonar maƙwabci ya kwantar da dashen mutane. Sallau ya zo ya tsaya ya dubi ɓarnar, ya dubi rediyon da ta kama magana bayan wata biyu tana shiru, bai dake shi ba. Ya dai ce wa Inno wannan makaranta za a tura shi, in ba haka ba sai ya haɗa su faɗa da duk masu gona a layin.

Da kuɗin tumatir ya yi karatu har ya samu babbar difloma a fannin kwamfuta. Ya yi bautar ƙasa, ya dawo, ya yi shekara guda yana yawo da takardu a Kano har takalminsa ya cinye. Daga nan ya haƙura ya zauna a wurin wani mai gyara a Titin Beirut, ya koyi abin da makaranta ba ta koya masa ba: yadda ake narka dalma, yadda ake gane kwamfutar da ta sha ruwa ta wari kawai, yadda ake yi wa mai saye magana. Sannan ya dawo Kura ya kama shago a bakin titi, tsakanin mai sayar da buhunan shinkafa da Malam Hammadu, tsohon malamin makaranta da ya koma sayar da kayan gyaran injin ban ruwa.

Shekarun farko kasuwa ta yi masa daɗi. Ɗalibai na zuwa, malamai na zuwa, masu injin casar shinkafa ma suka fara son a ga kwamfuta a kan teburinsu. Yawancin kayansa na hannu ne, masu sauƙin kuɗi. Amma shi zuciyarsa na kan masu kyau. Da ya ɗan samu sarari sai ya je ya ɗauko guda uku sababbi a kwali, sirara, masu launin azurfa, waɗanda in ka ɗaga ɗaya sai ka ɗauka littafi ne. Ya sa aka yi musu akwatin gilas. Wani mai injin casa ya sayi ɗaya. Ƙungiyar manoman rani ta yankinsu ta sayi ta biyu. Ta uku ta zauna.

Ta zauna ne saboda duniya ta juya. Dala ta tashi, fetur ya tashi, taki ya tashi, kowa ya koma neman abin sakawa a baki. Abin da mutum ke yi da kwamfuta a da, yanzu da waya yake yinsa. Mudassiru in ya buga wa abokansa na Kano sai ya ji kukan ɗaya ne, manyan kaya sun tsaya cik. Shi kuma duk lokacin da dala ta motsa sai ya canza takardar farashi, don in ya sayar a tsohon kuɗi ba zai iya sayo wata ba. A haka ta kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mutum zai shigo ya ce a ciro masa ita, ya shafa, ya buɗe, ya yaba, ya tambayi kuɗi, ya ce Allah ya ba mu, ya fita.

Sallau kuwa ya mayar da ita abin tsokana. Duk ranar da ya kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan sai ya biyo ta shagon, ya jingine babur, ya zauna a benci da taɓo a ƙafa, ya leƙa gilas.

"Injiniya, wannan amaryar taka har yanzu babu manemi?"

"Yaya, ai ba ta kowa ba ce."

"Na ga alama. Ko ta kanta ma ba ta zama ba."

Daga nan sai gardama ta ɓarke, kuma kusan kullum iri ɗaya ce. Sallau ya ce da kuɗin nan zai sayi injin ban ruwa huɗu har ya yi canji, kuma a gaya masa abin da take yi wanda ta dubu ɗari da hamsin ba ta yi. Mudassiru ya ce batirinta na kaiwa daga asuba har magariba, ba ta zafi, jikinta ƙarfe ne ba roba ba, mutum zai yi shekara takwas yana mora. Sallau ya zaro ƙaramar wayarsa mai tocila ya ce ita wannan kwana uku take yi, kuma ta faɗa kanal sau biyu. Wata rana Mudassiru ya ɗauka ya kama shi. Ya tambaye shi dalilin da ya sa yake sayen irin tumatir na gwangwani mai tsada alhali ga na gida kusan kyauta. Sallau ya sosa gemu, ya yarda cewa mai tsada ya fi jure tafiya, ba ya ruɓewa a hanyar Legas. Sannan ya ƙara da cewa shi iri in ya zuba shi a ƙasa haihuwa yake yi, ita wannan me za ta haifa?

Mudassiru ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. A ransa ya san cewa cikin mutum goma da ke shigo masa, takwas rubutu da kallon darasi kawai suke so, kuma ta hannu ta ishe su. Ya kuma san cewa rabin kuɗin nan na inganci ne da gaske, ɗaya rabin na dala ne da suna. Bai taɓa faɗa wa yayansa haka ba. Yana jin kunyar mutumin da ya yi ban ruwa shekara da shekaru don a koya masa sanin kaya mai kyau, ya ji cewa kaya mai kyau ba shi da wurin zama a Kura.

A ranin bana sata ta yi yawa a gonaki. A ɗauke inji, a naɗe tiyo, a yashe albasa tun ba ta ƙosa ba. Shi kansa Sallau an kwashe masa tiyo naɗi biyu. Matasa suka haɗa sintiri, Bilya ne shugabansu, wani ƙaƙƙarfan ɗan dako a injin casa, wanda aka sace wa mahaifinsa inji sau biyu har tumatirinsu ya ƙone a tsaye. Ana cikin haka aka fasa ofishin ƙungiyar manoma aka ɗauke kwamfutarsu. A cikinta sunayen waɗanda za a bai wa taki mai rahusa suke, da tsarin ranakun shan ruwa na kowane layi. Rabon taki ya tsaya. Aka fara faɗa a bakin kanal kan wane ne da ruwa yau. Duk inda ka zauna, maganar ɓarawo ake yi, da abin da za a yi masa in ya shiga hannu.

Mudassiru yana jin duk wannan, amma hankalinsa na wani wuri. Lokacin jarrabawar shiga jami'a ya ƙarato, ɗalibai za su nemi masu araha, shi kuma jarinsa na kwance a gilas. Ran Litinin ya yanke shawara. Ya cire tsohuwar takarda ya maƙala sabuwa: an rage kuɗi, dubu ɗari bakwai. Ya ji zafin abin, ya kuma ji sauƙi. Bai yi tunanin komai ba game da cewa sati biyu ke nan da fasa ofishi, kuma ta gilas ɗin da ta ƙungiya uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Mutanen gari kuwa sun yi wannan tunanin. Kafin Talata da yamma magana ta zaga teburan masu shayi. Abin da ya shekara biyu yana hawa, me ya sauko da shi rana ɗaya? Waɗanda jiya suke cewa Mudassiru ya cika tsada, su ne yau suke cewa ba a arha irin wannan sai da dalili.

Ran Laraba da hantsi Sammani, sakataren ƙungiya, ya yi sallama a shagon, Bilya da samari uku na biye da shi. Sammani mutum ne mai kunya. Ya gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce don Allah kada a ɗauka da wata manufa, suna so ne kawai su duba. Mudassiru ya ji haushi amma ya danne. Ya buɗe gilas, ya juya kwamfutar, ya nuna masa lambar da ke ƙasanta, ya ce kowace da tata lambar, kuma ta ƙungiya tana nan a jikin kwalin da ya ba su ita a ciki. Sammani ya ce kwalin na ofis, bari ya ɗauko a gwada kowa ya huta. Ya hau babur ya tafi. Ya bar Bilya a ciki yana leƙe-leƙe, mutane kuma sun fara taruwa a bakin ƙofa don sun ga 'yan sintiri.

A nan ne Bilya ya jawo kwalin.

Abin da ke ciki ma'ajiyai ne, wato ƙananan ƙarafan da kwamfuta ke adana bayanai a cikinsu, waɗanda Mudassiru ke cirewa daga matattun kwamfutoci yana ajiyewa don gyara. Iri-iri ne, kowane iri da bakin da ake jona shi, kuma wannan irin sunansa ke nan tun daga masana'anta. Duk mai gyara a Kano haka yake kiransa sau ashirin a rana, ba wanda ke jin komai.

"Wa ya rubuta wannan?" in ji Bilya.

"Ni ne. Amma ba abin da kake nufi ba ne. Sunan kayan ne."

"Sunan kayan ne sata?"

"Eh. A'a, tsaya ka ji. Ba Hausa ba ce, Bilya, Turanci ne aka taƙaita."

Bilya ya juya ya fuskanci ƙofa, ya ɗaga kwalin sama. "Kun dai ji da kunnenku. Ya ce sunan kayan sata. Har ware musu kwali ya yi."

Wasu a gaba suka yi dariya, don abin ya yi kama da wasa. Mudassiru ya miƙa hannu zai ɗauko ɗaya ya nuna musu cewa kalmar na nan a buge a jikin kowace tun daga inda aka ƙera ta. Wani daga samarin ya ɗauka ƙwacewa zai yi, ya sakar masa gora a hannu. Ƙarafan suka watse a ƙasa. Malam Hammadu ya kutso daga shagonsa, ya tsinci ɗaya, ya kai ta kusa da tabarau, ya ɗaga murya ya ce yaron nan gaskiya ya faɗa, ga shi nan a rubuce da injin bature. Mutum uku ko huɗu ne suka ji shi. Na bayansu kalma ɗaya kawai suka ji. Kafin ta isa bakin titi ta zama an kama ɓarawon kwamfutar ƙungiya. Kafin ta tsallaka titi ta zama an kama ɓarawon injina.

Suka finciko shi waje ta wuyan riga. Ya ji bayansa ya daki ƙarfen ƙofa, ya ji an share ƙafafunsa, sai ga shi a ƙasa yana kallon ƙafafun mutane. Duka ya riƙa sauka ta ko'ina, da gora, da ƙafa, da bel. Ya tare fuska da hannu, aka taka hannun. Wani abu ya fashe masa a baki, ya ji gishirin jini da ɓallin haƙori a kan harshe. Yana ta faɗin a jira Sammani, a jira Sammani, amma shi kansa ba ya jin muryarsa. Ta tsakanin yatsunsa ya hango wani mutum da shi Mudassiru ya yi wa 'yarsa rajistar jarrabawa kyauta bara, yana riƙe da rabin bulo. A bayansa ya ji gilas ya tarwatse, ya san akwatin ne. Ya ji Malam Hammadu na roƙo da Allah da Annabi, sannan ya daina jinsa.

Sai wani ya ce a kawo taya.

Fetur ba wahalar samu yake yi ba a wurin, kusan kowane babur da jarkar man inji a ɗaure a bayansa. Mudassiru ya ji sanyin ruwa a wuyansa da ƙirjinsa, warin ya shige masa hanci, idonsa ya kama raɗaɗi. A lokacin ne ya daina bayani. Ya kama kalmar shahada, ya rasa ta a tsakiya, ya sake kamowa.

Sallau na dawowa ne daga gona da kwanduna a bayan babur ya tarar titi ya cushe. Aka ce masa ɓarawon injina aka kama. Ya jingine babur da sauri, don shi ma yana so ya ga fuskar wanda ya kwashe masa tiyo. Ya riƙa ture mutane yana cewa a ba shi hanya, har ya isa gaba. Fuskar ba ta ganuwa saboda jini, amma ya gane rigar, shi ya ɗinka musu ita iri ɗaya da ƙaramar salla.

Bai tsaya magana ba. Ya faɗa kan ƙaninsa ya rufe shi da jikinsa, ya sa hannu biyu ya kare masa kai, sannan ya ɗago ya yi ihu: "Ƙanina ne! Ni ne Sallau, ku dube ni!"

Wani ya riga ya ɗaga bututun ƙarfe na rijiyar gona, kuma hannunsa ya riga ya taho. Mudassiru bai ga saukarsa ba, ƙarar kawai ya ji a saman kansa, wata irin ƙara maras amo. Nauyin yayansa ya sake gaba ɗaya a kansa. Wani abu mai ɗumi ya riƙa zubo masa a kunne.

Hannaye suka tsaya. Babu wanda bai san Sallau ba a cikinsu. Da yawa sun yi gayya a gonarsa, wasu shi ya ara musu inji lokacin da nasu ya tsaya. Bututun ya faɗi ƙasa. Mai riƙe da ashana ya mayar da ita aljihu. Na baya suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon wani wuri daban.

A haka Sammani ya dawo da kwali a ɗaure a bayan babur. Ya tsaya ya dubi mutum biyu a kwance cikin jini da fetur. Ya shiga shagon, ya tsinto kwamfutar a ƙasa, an taka ta ta rabe biyu. Ya juya ƙasanta, ya karanta lambar da ƙarfi, ya karanta ta jikin kwalinsa. Ko kusa ba su yi kama ba. Ya sake karantawa, kamar akwai sauran wanda zai amfana da ji. Malam Hammadu, da hularsa a hannu da kumburi a goshi, ya ce masa ya bar karatun nan ya nemo mota.

Motar ɗaukar tumatir ce ta kai su asibitin cikin gari, a kwance tsakanin kwanduna. A can aka ɗinke Mudassiru, aka ce haƙarƙarinsa biyu sun tsage. Sallau kuwa wani ma'aikaci ya ɗaga fatar idonsa ya haska, ya ce a wuce da shi Kano yanzu yanzu. A Kano aka ɗauki hoton kai, aka ce jini ya taru a ciki, sai an yi aiki. Tun daga bakin shagon bai buɗe ido ba, bai ce uffan ba.

An ba Mudassiru gado ya ƙi kwanciya. Ya yi wanka sau uku da sabulu, ya canza riga, amma har yanzu warin fetur yake ji a jikinsa, kuma in wani ya ɗaga murya a baranda sai ya ga hannunsa ya tafi kansa da kansa. Mutanen Kura na ta kira. Wasu jaje suke yi, wasu rantsuwa suke yi cewa su rabo suka je. An ce 'yan sanda sun tafi da Bilya da wasu mutum biyar. Bai tambaya ko su wane ne ba. Ya kashe wayar.

Inno ta iso ran Alhamis da safe a motar haya, da ƙullin kayanta da buta. Sallau ɗan farinta ne, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ta zauna a kan tabarma a barandar ɗakin tiyata, ta dubi fuskar Mudassiru, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ko haƙorin na ciwo, ko an rufe shagon. Ta tambayi wanda zai ba tumatir ruwa, don yau ranar layinsu ce. Sai da tambayoyin suka ƙare, ta ja carbi ya kai rabi, sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Shi wancan fa, me suka ce?"

Mudassiru ya ce sun shiga da shi, sun ce a yi addu'a.

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbinta.

Tun kafin azahar aka shiga da shi. Yanzu la'asar ta wuce. Ma'aikaciya ta fito sau biyu, sau ɗaya ta karɓi jini leda biyu, sau ɗaya ta wuce ba ta dube su ba. Likita bai fito ba tukuna, kuma ba wanda ya gaya musu ko Sallau zai tashi.